Bidiyon da Aka Haska a Taron Iyaye

Tun da aka dawo daga taron iyaye na makarantar su Auta, babu wanda ya ɗora tukunya a gidan nan. Umma tana zaune a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Auta ta shige ɗaki ta murza makulli. Abba kuwa yana falo a kan kujerarsa, ya zuba wa bango ido.

Malama ce ta shigo daga baya, numfashinta har sarƙewa yake yi, don da sassarfa ta taho daga bakin titi. Ita ce babbar 'yar gidan, malamar ba da shawara ga ɗalibai a wata sakandare, kuma ita ce ta rubuta labarin bidiyon da ya jawo wannan tashin hankali.

Ta zube a gaban Abba.

"Abba, don girman Allah ka saurare ni. Wallahi ba haka na rubuta ba."

Bai dube ta ba.

"Ki gaya wa yaron nan kada manyansa su wahalar da kansu. Zancen zuwa neman aurenki babu shi."

"Abba..."

"Ni kuka mayar abin dariya? A gaban iyayen yara? Ina zaune a kujerar gaba?"

Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ta. Da faɗa ya yi, da ta san inda za ta kama.

Wanda ake kira yaron nan shi ne Darakta, mai ɗan kamfanin da ke shirya gajerun bidiyoyi na wayar da kan matasa. Wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyi, ana rarraba wa makarantu: yadda yaro zai ce a'a idan abokai suka zuga shi, yadda yarinya za ta buɗe baki ta yi wa iyayenta magana. Malama ke rubutawa, shi yana ɗauka. A wajen gardama kan rubutu so ya shiga tsakaninsu, kuma kowa ya shaida sun dace. Har Abba da kansa ya taɓa cewa yaron yana da natsuwa.

Suna da wata ƙa'ida a wajen aikin da suke tinƙaho da ita. Ba sa ƙirƙirar labari daga iska. Yaran yanzu sun fi kare jin ƙanshin ƙarya, in ka yi musu wa'azi sai su danna gaba. Saboda haka daga abin da ya faru da gaske suke ɗauko kowane labari, sai su sauya masa kamanni yadda mai shi ma ba zai gane kansa ba.

To, a bara ne Auta ta faɗa hannun wasu ƙawaye 'yan ajinsu. Tun suna kiranta 'yar ƙauye, matsoraciya, 'yar gidan shugaba, har ta kai ta kurɓi maganin tarin da suke sha a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Daga kurɓa aka koma ita ce mai ajiya, tunda babu mai binciken jakar 'yar shugaban ƙungiyar iyaye. A cikin safa take cusa kwalbar. Da abin ya ishe ta, sai ta sami yayarta tana kuka ta fayyace mata komai. Malama ta rungume ta, ta raba ta da ƙawayen cikin dabara, ta kuma yi mata alkawarin babu mai ji.

Amma wa mace za ta kai wa nauyin zuciyarta in ba wanda za ta aura ba? Ta gaya wa Darakta. Ta gaya masa har da dalilin da ya sa Auta ba ta tunkari Abba ba: duk sanda ɗa ya zo masa da maganar da ba ya son ji, sai ya zare tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya ce, "Mun ji. An rufe wannan babin." Kaf unguwa an san shi da wannan, har a taron makaranta da shi yake kashe gardama.

Da ta zo rubutawa ta yi taka-tsantsan. Ta mayar da yarinyar namiji, ta mayar da maganin sigari, uban kuma ta sa shi mai yawan tafiye-tafiye. Ranar ɗauka tana makaranta tana tsaron jarrabawa. Ba ta ga abin da aka haɗa ba sai yau, lokacin da wata malama ta kira ta a rikice, ta turo mata shi a waya.

Yarinya ce a ciki. Kwalba ce a cikin safa. Uban kuma ya zare tabarau ya goge da gefen riga.

An ce da uban fim ɗin ya furta maganar babin, zauren taro gaba ɗaya ya kwashe da dariya, ana waiwayen Abba, shi ma har ya ɗan murmusa don kada a ce ya ji haushi. Da yarinyar ta zaro safar daga jaka, sai dariya ta ɗauke ɗif. 'Yan matan da ke jere a bayan zauren suka juya suka kalli Auta. Iyaye suka bi idon 'ya'yansu.

*

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, yayar Abba, ta diro gidan. Ita dama labari ba ya kwana bai iso kunnenta ba. Ta tarar da Malama a kicin tana tsaye, ruwa yana ta zuba a kan kofin da ta manta tana wankewa.

"Ai ga irinta nan! Na faɗa tun farko, mutumin da sana'arsa leƙen asirin mutane da kyamara, wane sirri zai riƙe? Kun ce Gwaggo ta cika surutu."

"Gwaggo, kuskure ne."

"Kuskure? Ƙanwarki ko ƙofar gida ba za ta iya leƙawa ba, kina ce mini kuskure? Ke dai so ya rufe miki ido."

Ta gyara zaman gyalenta, ta sassauta murya. Malama ta san inda aka dosa, don ba yau aka fara ba. Gwaggo tana da ɗa mai kemis, wanda ya daɗe yana son Malama, ita kuwa ba ta taɓa kallonsa da wani ido ba sai na ɗan'uwa.

"Shi yayanki tun jiya bai runtsa ba. Kin san me ya ce? Ya ce tun bara ya lura da yarinyar nan, har sau biyu ya kori ƙawayenta daga shagonsa, amma bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa ba, ko ni uwarsa. Wannan shi ne namiji. Naka sai naka."

Abin haushin shi ne gaskiya Gwaggo ta faɗa. Mai kemis mutumin kirki ne, ba shi da abin kushewa. Da mugu ne, da Malama ta sami abin da za ta tsana ta ji sanyi. Sai ta kashe famfo, ta ɗauki jakarta ta fita, Gwaggo tana ta kiranta.

*

Ofishin su Darakta ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya. Ɗaya cike da fitilu da wayoyi a ƙasa, ɗayan kuma nan yake zama ya haɗa hoto, tagar a rufe da baƙin ƙyalle. A nan ta same shi, idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa.

Ya miƙe da sauri har kujera ta kife.

"Malama, tun jiya nake kiranki."

"Me ya sa?"

Abin da ta iya faɗa ke nan, sai hawaye.

"Zauna, don Allah, in yi miki bayani."

"Ba zan zauna ba. Namiji na rubuta. Ina namijin?"

Ya shafa kansa.

"Yaron bai zo ba. Mun jira shi har rana ta fara juyawa, an ba mu aron ajin na yini ɗaya ne kawai. Akwai wata yarinya cikin masu zaman aji da ta iya wasa, sai na ce a ba ta. Da ta riƙe sigarin sai abin ya zama wani banbarakwai, kowa ya ce ba haka 'yan mata ke yi ba. Sai na tuna da kwalbar."

"Sai ka tuna."

"Wallahi a lokacin ban tuna daga ina na ji ba. Kin san yadda wajen ɗauka yake, kowa yana jiranka, haske yana tafiya, duk abin da ya faɗo maka kamawa kake yi."

"Tabarau ɗin fa? Shi ma faɗo maka ya yi daga sama?"

Ya kawar da kai gefe.

"Dattijon da ya fito a uban ya tsaya ƙiƙam, ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Na ce masa ya cire tabarau ya goge. Da ya yi, sai maganar ta fito daga bakina. Kowa ya tafa, aka ce wannan shi ne uba na gaske."

"Ai kuwa na gaske ne. Ubana ne."

Ta fashe da kuka sosai, ta jingina da bango. Ya matso, ya tsaya, ya rasa abin yi.

"A mota na gaya maka," ta ce. "Ina kuka kamar yadda nake yi yanzu. Ka ce mini, bar shi a nan, ba zai wuce mu biyu ba. Ashe ni ina zubar da hawaye, kai kana tara kayan aiki."

"Kada ki faɗi haka. Ki zage ni, ki mare ni, amma kada ki ce haka."

"Da kake haɗawa fa? Kwana da kwanaki kana zaune a ɗakin nan kana maimaita wajen. Ba ka ga Abba ba? Ba ka ga Auta ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya amsa, kuma da ya yi mata ƙarya da ya fi mata sauƙi.

"Na gani. Daga baya na gani. Amma ya yi kyau, Malama. Tunda muka fara aikin nan ba mu taɓa yin wanda ya kai shi ba. Na ce a raina gari da faɗi, wa zai gane? Ban san a makarantarsu za a fara haskawa ba."

"Shi ya sa ba ka nuna mini ba."

"Shi ya sa."

Kai, so mugun abu ne. Ko a wannan hali, da ta dubi jajayen idanunsa, sai da zuciyarta ta karye masa.

"Cire shi," ta ce. "Ka cire shi yau, ko Abba zai huce."

"Na cire daga shafinmu tun jiya. Amma ƙungiyar ta riga ta rarraba wa makarantu, yara sun tura wa juna. Yanzu haka yana cikin wayar mai gyara a ƙasa. Magana zarar bunu ce."

Ya juyo da allon kwamfutar wajenta.

"Dubi saƙonnin da ke shigowa. Wannan ta ce bayan ta kalla ta je ta gaya wa mamarta. Wannan uba ne, ya ce ya ga kansa ya ji kunya. Ba don in wanke kaina nake nuna miki ba..."

"To don me? In je in gaya wa Auta ta yi haƙuri, 'ya'yan wasu sun tsira da mutuncinta?"

Ya kashe allon.

"Zan zo in durƙusa wa Abba. Ko zai taka ni da takalmi zan zo. Ni dai kada ki bar ni. Ba ni da kowa a zuciyata sai ke, kin sani."

"Na sani," ta ce, tana share fuska da gefen mayafi. "Da ban sani ba ai da sauƙi. Ka bari tukuna, sai na kira ka."

*

Kwanaki suka shuɗe gidan kamar an yi mutuwa. Auta ba ta koma makaranta ba. Ta daina kwana a ɗakinsu ita da Malama, ta kwashe kayanta ta koma wajen Umma. In suka haɗu a tsakar gida sai ta kauce, kamar ta ga baƙuwa. Saƙonnin da 'yan ajinsu ke turo mata kuwa ba su faɗuwa, har wani ya yi hoton safa ya rubuta sunanta a jiki. Umma ta karɓe wayar ta kulle a durowa.

Gwaggo kullum tana hanya. Mai kemis ya zo sau ɗaya, ya gaishe da Abba, ya ajiye wa Auta maganin ciwon kai, ya tafi bai nemi ganin Malama ba.

Wata ranar da yamma Malama ta dawo daga aiki, sai ta ji murya a falo. Ta tsaya a bakin labule.

Auta ce ke magana. Tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar kujerar Abba, tana ba shi labari tun daga farko, tana kuka tana shessheƙa, ta faɗi ta koma ta sake. Abba ya duƙo, ya dafa kanta. Bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta yi shiru sai ya ce, "Ina jin ki, ci gaba."

Malama ta toshe bakinta da hannu. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin haka ba. Wannan shi ne abin da ita da Darakta suke ta yi wa wahala, ga shi yau a falon gidansu. Wani sanyi ya ratsa ta. Ta lallaɓa ta shige ɗaki, ta ɗauki waya ta rubuta masa: Ina ganin Allah ya kawo mana sauƙi. Ka shirya.

Ba a jima ba Umma ta leƙo ta ce Abba yana kira.

Ta same shi shi kaɗai. Cikin 'yan kwanakin nan ya rame, furfurarsa ta ƙara fitowa.

"Zauna," ya ce. "Na sa an saka mini bidiyon nan na sake kallo, ni kaɗai. Na kalla har ban san iyaka ba. Mutumin nan na ciki, ni ne. Ba ku yi mini ƙage ba."

"Abba, ka yafe mana."

"Abin da ya shafe ni na yafe. Ni ma ina neman yafiyarku. 'Yata tana cikin wuta shekara guda a ƙarƙashin rufina, ta kasa gaya mini saboda halina. Wannan ba laifin yaron nan ba ne."

Hawayen daɗi suka zubo mata. Har ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Da ta gama magana, na ce mata, Auta, faɗi abin da kike so in yi miki, kome ne ne, na yi alkawari. Na ɗauka za ta ce a sauya mata makaranta."

Ya numfasa.

"Ta ce abu ɗaya take so. Kada mutumin nan ya zama ɗan gidan nan. Kada ta buɗe ido ta gan shi a falon nan yana cin abinci, ana ce mata ta gaishe da mijin yayarta."

Malama ta matso kusa da shi.

"Abba, yarinya ce, fushi ne, za ta huce..."

"Ni ma da abin da zan faɗa ke nan. Yarinya ce, me ta sani. Ku kuka koya mini in daina faɗin haka." Idanunsa suka ciko. "Ke babba ce, ba zan ɗaura miki kowa ba, zancen Gwaggonki ma na ce ta bar shi. In kin ce sai shi, ba zan tsine miki ba. Amma ba da hannuna ba, kuma ba zai taka gidan nan ba. Wannan ne karo na farko da yarinyar nan ta roƙe ni wani abu. In na saɓa, ba za ta sake buɗe mini baki ba har in mutu."

Ta tashi ta nufi ɗakin Umma. Auta tana zaune a kan sallaya ta haɗa kai da gwiwa. Malama ta durƙusa a gabanta, ita da ta goya ta tana jaririya.

"Auta, ki dube ni. Na roƙe ki da Allah. Ki hukunta ni ta kowace hanya, ban da wannan. Ina son shi, Auta. In na rasa shi ban san yadda zan yi ba."

Auta ta ɗago. Fuskarta ta kumbura, amma idonta a bushe yake.

"Yaya, ke kaɗai na gaya wa a duniya."

"Na sani, ƙanwata, na sani..."

"Ban ce ki bar shi ba. Ki aure shi mana. Ni dai na gaya wa Abba abin da ke raina ne. Ba haka kuke cewa mu yi ba?"

Ta mayar da kanta kan gwiwa.

A daidai nan wayar da ke hannun Malama ta ɗauki ƙara. Darakta ne. Ta fita tsakar gida ta ɗauka. Muryarsa cike da murna, har tana jin ƙarar titi a bayansa.

"Na ga saƙonki! Ga ni a hanya, na taho da kawuna, mun kusa shan kwanar layinku. In shigo, ko in jira a waje?"

Ta waiwaya. Ta tagar ɗakin Umma tana hango ƙeyar Auta. Ta ƙofar falo tana hango Abba, ya zuba mata ido yana jira.

"Malama? Kina ji na?"

"Ina jin ka," ta ce. "Ka ba Kawu haƙuri. Ku juya."